Hayar Ɗan Wasa Ta Gajeren Lokaci: Darasin Cinikin Ahmed Musa Ga El-Kanemi Da 'Yan Kasuwar Maiduguri

MAIDUGURI — Tun daga watan Afrilu na shekarar 2021, lokacin da Ahmed Musa, kyaftin ɗin 'yan wasan ƙwallon ƙafa na Nijeriya a wancan zamani, ya rattaba hannu a kan yarjejeniyar 'yan watanni da ƙungiyar Kano Pillars, sai hankalin masu sha'awar ƙwallo a arewacin ƙasar nan ya koma kan wani irin ciniki da a da ba a cika damuwa da shi ba. Cinikin kuwa shi ne ɗauko shahararren ɗan wasa wanda ba ya ƙarƙashin kowace ƙungiya, a ba shi kwantiragi na gajeren lokaci, ya buga abin da ya sawwaƙa, sa'an nan kowa ya kama gabansa. A Maiduguri, inda El-Kanemi Warriors take da magoya baya masu kishin gaske, tambayar da irin wannan labari yake haifarwa ita ce: me zai hana ƙungiyar Borno ita ma ta yi abin da ta Kano ta yi?

Wannan tambaya ta cancanci amsa ta lissafi, domin kuwa dukiyar da za a kashe ta jama'a ce. El-Kanemi, kamar Kano Pillars da akasarin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan, mallakar gwamnatin jiha ce, kuma daga baitulmalin jiha ake biyan albashin 'yan wasanta. Bugu da ƙari, duk ranar da aka tashi yin irin wannan ɗauka, ƙofar 'yan kasuwa da masu kamfanoni za a fara ƙwanƙwasawa domin neman gudummawa. Saboda haka ya wajaba su san abin da ake gayyatarsu su saka hannu a ciki. A taƙaice, ɗaukar ɗan wasa na 'yan watanni haya ce, ita kuwa haya ba ta biyan kanta sai idan an riga an tanadi aikin da za ta yi, an kuma tanadi mazubin da ribarta za ta shiga.

Asalin 'yancin ɗan wasa

Kafin a kai ga lissafin, yana da kyau a san inda al'adar ta samo asali. A da can, a ƙasashen da wasanni suka zama sana'a, ɗan wasa tamkar kadarar ƙungiyarsa yake, ko da wa'adin kwantiraginsa ya cika ba shi da ikon sauya sheƙa sai da yardar ubangidansa. A Amurka aka fara girgiza wannan tsari, a wasan besbol, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da kulki. A shekarar 1969 wani mai tsaron bayan fili na ƙungiyar St. Louis Cardinals, mai suna Curt Flood, ya ƙi amincewa a miƙa shi ga wata ƙungiya ta birnin Filadelfiya ba da son ransa ba, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli. Kotun ta yanke hukunci a 1972, bai yi nasara ba, amma ƙofar da ya taɓa ba ta sake rufuwa ba, don kuwa a watan Disamba na 1975 wani mai sasanta rikicin ma'aikata ya ba wasu 'yan wasa biyu 'yancin neman ƙungiyar da suke so.

A ƙwallon ƙafa kuwa, sai bayan shekaru ashirin aka kai ga haka. Wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, wanda ƙungiyarsa ta birnin Liyej ta hana shi komawa wata ƙungiya a Faransa bayan cikar wa'adinsa a 1990, shi ne ya kai ƙara. A ranar 15 ga Disamba, 1995, Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da ikon tafiya ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗin saye ba. A ƙa'idojin hukumar FIFA, mafi ƙarancin wa'adin kwantiragi shi ne daga ranar da ya fara aiki zuwa ƙarshen kakar wasa, mafi tsawonsa kuma shekara biyar. Wato dai yarjejeniyar 'yan watanni ita ce mafi gajartar abin da doka ta yarda da shi.

Misalai biyu daga Amurka

Da yake Amurkawa sun fi kowa daɗewa a wannan kasuwa, kuma suna ajiye alkaluman kowane wasa, misalai biyu daga wajensu za su haska hanya. Na farko shi ne na Andre Dawson, shi ma mai tsaron bayan fili. A farkon 1987 ya rabu da ƙungiyar Montreal Expos, gwiwoyinsa sun gaji da filin ciyawar roba, ga shi kuma masu ƙungiyoyi sun haɗa baki a asirce sun ƙi taya 'yan wasa masu 'yancin kansu. Da ya rasa mai taya shi, sai ya miƙa wa ƙungiyar Chicago Cubs takardar kwantiragi wadda ba a rubuta adadin kuɗi a cikinta ba, ya ce su rubuta abin da suka ga dama. Suka rubuta dala 500,000 na shekara ɗaya, da ɗan ƙarin ihisani idan ya taka rawar gani. A wannan shekara ya fitar da ƙwallo bayan shinge har sau 49, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na gasarsu baki ɗaya. To, amma ita ƙungiyar fa? Ita ce ta zo ta ƙarshe a rukuninta.

Na biyu shi ne na Nelson Cruz. A 2014, bayan dakatarwar wasanni 50 da aka yi masa a shekarar da ta gabata ta karya masa daraja a kasuwa, ƙungiyar Baltimore Orioles ta ɗauke shi na shekara ɗaya a kan dala miliyan 8. Ya fitar da ƙwallo sau 40, ya fi kowa a shekarar, ƙungiyar kuma ta ci wasanni 96 maimakon 85 na bara, ta zama zakarar rukuninta a karon farko tun 1997. Da shekara ta ƙare sai ya wuce ƙungiyar Seattle a kan kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 57.

Dukkan mutanen biyu sun yi aikin da ya ninka ladansu. Bambancin yana ga ƙungiyoyin da suka ɗauke su. Ta Baltimore tana da ginin da ya kusa kammala, tubali ɗaya ya rage, sai ta yi hayarsa. Ta Chicago kuwa gininta bai kai ko linta ba, saboda haka gwarzon shekara bai hana ta zama kurar baya ba. Abu guda da misalan biyu suka yi tarayya a kai shi ne, ɗan wasan ne ya fita da darajarsa ta ƙaru. Duk wanda ya karɓi kwantiragin gajeren lokaci yana da dalilinsa na yin haka, kuma galibi dalilin shi ne gyara farashinsa kafin ya koma babbar kasuwa.

Abin da ya faru a Kano

Da wannan ma'auni za a duba cinikin Kano. Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos a 1992, ba baƙo ba ne a Kano Pillars, domin a kakar 2009 zuwa 2010 ya ci mata ƙwallaye 18, ya fi kowa a gasar lig ta ƙasa. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, ya wuce CSKA ta birnin Mosko a 2012, sai Leicester City ta Ingila a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16, sa'an nan Al-Nassr ta Saudiyya a 2018. Shi ne ya ci wa Nijeriya ƙwallaye biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, da wasu biyu a ragar Aisland a ta 2018. A watan Oktoba na 2020 suka rabu da Al-Nassr, ya zauna kusan wata shida babu ƙungiya, har aka fara gunaguni a kan ci gaba da gayyatarsa cikin 'yan wasan ƙasa.

Ke nan buƙatarsa a fili take: filin da zai motsa jini, da hujjar da za ta tabbatar masa da gurbinsa a Super Eagles, da kuma damar tafiya da zarar wata ƙungiyar waje ta neme shi. Dukkan ukun ya samu. A watan Yuli na 2021, tun kafin a kammala kakar, ya koma Fatih Karagümrük ta Turkiyya, kuma a watan Janairu na 2022 yana cikin tawagar Nijeriya a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kamaru. Babu laifi a cikin wannan ko kaɗan, kowane mai sana'a haka zai yi.

Ita kuma Kano Pillars me ta samu? Ta samu suna, don kuwa kafofin watsa labarai na ciki da na waje sun yi ta yayata zancen. Amma abin da ya kamata sunan ya haifar, wato kuɗin ƙofa, bai samu hanyar shigowa ba. A wannan kaka an fara gasar ne tare da hana 'yan kallo shiga filaye saboda annobar korona, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kuma an riga an mai da wani sashensa wurin killace masu cutar, ƙungiyar tana karɓar baƙuncin wasanninta a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Aka ɗauko mai tara jama'a a lokacin da doka ta hana taro, kuma a garin da ba nata ba. A fagen wasa ma, Akwa United ce ta ɗauki kofin 2021, Kano Pillars ba ta samu ko gurbin zuwa gasar Afirka ba. A 2022 kuwa ƙungiyar da ta ci kofin lig sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta farfaɗo.

Ba za a ɗora alhakin wannan faɗuwa a kan ɗan wasan da ya yi 'yan watanni ya tafi ba. Abin da faɗuwar ta nuna shi ne, zuwansa bai taɓa ainihin ciwon da ke cin ƙungiyar ba, kamar yadda fenti ba ya riƙe katangar da ruwa ya ci gindinta.

Dawowarsa ta watan Oktoba na 2024, bayan ya rabu da Sivasspor ta Turkiyya, ta fi ta farko armashi ta kowace fuska. A wasansa na farko ya zura ƙwallaye biyu a ragar Sunshine Stars, 'yan kallo suna da izinin shiga filaye, ya zauna har ƙarshen kaka, kuma a watan Yuli na 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Mutumin ɗaya ne, har ma ya ƙara shekara uku a kan shekarunsa, amma sakamakon ya bambanta, saboda yanayi da tsawon zama sun bambanta. Wannan ya isa shaida cewa sharuɗɗan ciniki da lokacinsa sun fi sunan wanda aka ɗauka tasiri.

Yadda za a yi lissafin

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa ɗan wasan da ba a biya kuɗin sayensa ba kyauta ne. Rashin kuɗin saye yakan koma ne cikin kuɗin sa hannu, da la'adar dillali, da albashin da ya fi na sauran 'yan wasa. Ko da ɗan wasan ya yafe albashi saboda kishin gida, akwai masauki, da mota, da tsaro, da inshorar lafiya, da kuɗin tafiya. Batun tafiya kuwa babba ne ga ƙungiyar da ke Maiduguri. Gasar lig mai ƙungiyoyi 20 tana nufin wasanni 19 a waje, daga Maiduguri zuwa Kano kusan kilomita 600 ne, zuwa Legas kuma ya haura kilomita 1,500. Wanda ya saba da jirgin sama a Turai ba zai yi kwana biyu a bas ba, idan kuma aka saya masa tikitin jirgi shi kaɗai aka bar sauran a hanya, an shuka ƙiyayya a cikin tawaga. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da sakin Naira a watan Yuni na wannan shekara, wanda ya kai dala daga kimanin Naira 460 zuwa sama da Naira 1,500 a 2024, kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗaɗe ya ninka, shi kuma mai dawowa daga waje da dala yake auna ladansa.

Akwai kuma tsadar da ba ta fitowa a takarda. Idan aka ba mutum ɗaya abin da ya kai albashin mutum goma, sauran za su nemi ƙari, ko kuma gwiwarsu ta yi sanyi. Idan ƙungiyar tana da bashin albashi a kanta, lamarin ya fi muni, domin ƙa'idar FIFA ta ba ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu damar ba da wa'adin kwana 15, in ba a biya ba ya soke kwantiraginsa ya nemi diyya. Har ila yau, duk mintin da baƙon ya buga, wani matashi ne ya zauna a benci.

A ɓangaren kuɗin shiga, hanyoyin huɗu ne: kuɗin ƙofa, da cinikin riguna, da tallace-tallacen kamfanoni, da kyautar gasa. A ƙaddara, a matsayin misali kawai, cewa wasanni takwas na gida suka rage, kuma zuwan tauraron ya ƙara mutum dubu biyar a kowane wasa. Wannan ya ba da tikiti dubu arba'in. Sai a ninka da farashin tikiti, a cire kason masu tsaron ƙofa da jami'an tsaro, a cire waɗanda za su shiga da alfarma ko ta kan katanga, abin da ya saura shi ne za a gwada da jimillar abin da aka kashe. Ƙungiyar da ba ta san adadin mutanen da suka shiga filinta a wasan makon jiya ba, ba za ta iya yin wannan ɗan ƙaramin lissafi ba. Haka batun riguna yake. Idan ƙungiya ba ta da shagonta, ba ta kuma yi rajistar tambarinta ba, ribar rigar mai lambar tauraro za ta tafi ne ga masu buga jabu, ita kuwa ta tashi da tafi da guɗa. Kyautar gasa ma ba ta taka kara ta karya ba: Naira miliyan 200 da aka ware wa Remo Stars, zakarar 2025, ba ta kai dala 150,000 ba, kuma ƙungiya ɗaya ce cikin ashirin take samun ta.

Turka da kiwo

Dillalan Kasuwar Shanu ta Maiduguri sun san bambancin mai turka rago domin Sallah da mai kiwon tumaki domin haihuwa. Dukkansu sana'a ce, amma mai turka ya san ranar da zai sayar tun kafin ya saya, mai kiwo kuwa garke yake tarawa. Ɗaukar tauraro na 'yan watanni bai ma kai turka ba, tun da ragon ba na mai turken ba ne: zai ci dusa ya yi ƙiba, ranar kasuwa kuma ya tafi da kansa ba a ba mai turke ko sisi ba.

Kiwon matasa kuwa yana da ribar da doka ta tanada. A tsarin FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga ta 16 zuwa ta 23 tana da rabin kashi ɗaya cikin 100 na jimillar cinikin. Idan aka gwada wannan da cinikin fam miliyan 16, rabon masu reno ya kama fam 800,000, shekara guda ta ɗan shekara 17 kuma ta kama fam 80,000. Wato bisa ƙa'ida, Ahmed Musa ɗan shekara 17 da ya buga wa Kano Pillars a 2010 yana iya jawo wa ƙungiyar kuɗi shekaru shida bayan tafiyarsa, alhali Ahmed Musa ɗan shekara 28 da ya dawo a 2021 ya wuce shekarun da wannan doka ta shafa. Sharaɗin kawai shi ne a yi wa yaro rajista yadda ya kamata, a adana takardu, a kuma samu ma'aikacin da zai bi sawun haƙƙin.

Tarihin El-Kanemi kansa yana goyon bayan wannan hanya. Ƙungiyar da aka kafa a 1986 ta ci Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992, tana da shekara biyar da shida kacal a duniya. A 2024 kuma, tana rukuni na biyu, a ƙarƙashin mai koyarwa Aliyu Zubairu, ta doke Abia Warriors da ci biyu da nema a Legas ta ɗauki Kofin Tarayya, ta kuma koma babbar gasa a shekarar. Ba da wani tauraro daga Turai ta yi wannan aiki ba.

Hujjar masu goyon baya

Duk da haka, masu son a yi irin wannan ɗauka suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Suna cewa ƙwallo a Borno ya wuce zancen riba da faɗuwa. Garin da rikicin Boko Haram ya tilasta wa ƙungiyarsa yin hijira da wasanninta na gida zuwa wasu jihohi har sai a 2016 ta dawo, garin da gobara ta cinye babbar Kasuwar Monday a watan Fabrairu na 2023, ambaliyar madatsar ruwa ta Alau kuma ta mamaye shi a watan Satumba na 2024, yana buƙatar abin da zai nuna wa duniya cewa rayuwa tana tafiya. Cikar filin wasa a ranar Lahadi talla ce ga jihar, tana kuma kawo ciniki ga masu otal, da masu Keke Napep, da masu sayar da abinci da ruwan sha. Suna ƙarawa da cewa matashin da ya yi atisaye tare da wanda ya buga gasar cin kofin duniya zai koyi abin da mai koyarwa ba zai iya faɗa masa da baki ba.

Waɗannan maganganu gaskiya ne, sai dai kowace tana ɗauke da sharaɗinta. Idan manufar talla ce ga jiha, to a kira ta da sunanta, a ware mata kuɗi a fili cikin kasafi, a gwada ta da sauran hanyoyin da za a iya kashe wannan kuɗi a jihar da har yanzu take gyaran makarantu da gidaje. Idan kuma manufar koyar da matasa ce, to wata uku ba ta isa ba, ya kamata a rubuta aikin koyarwar a cikin kwantiragi. Tarihi ma ya nuna cewa dawowar manya ba sabon abu ba ne. Marigayi Rashidi Yekini ya dawo ya buga wa Julius Berger da Gateway, Daniel Amokachi ya shiga Nasarawa United a 2005, Sani Kaita ya je Enyimba a 2014. Kowannensu ya jawo hankali na ɗan lokaci, amma har yau yawancin ƙungiyoyin gasar ba su daina dogara da gwamnati ba.

Sharuɗɗan da ya kamata a gindaya

Saboda haka, idan wata rana shugabannin El-Kanemi suka zo wa 'yan kasuwar Maiduguri da wannan shawara, bai kamata a kore su ba, bai kuma kamata a zaro kuɗi don jin kunya ba. Abin da ya dace shi ne a yi musu tambayoyin da banki yake yi wa mai neman rance. Da farko, wane gurbi ne takamaimai ake son cikewa, kuma me cike shi zai sauya: tsira daga faɗuwa rukuni na biyu, ko samun tikitin gasar Afirka? Ƙungiyar da take tsakiyar teburi, ba ta fuskantar faɗuwa ba ta kuma hango kofi, ba ta da abin da haya za ta saya mata. Na biyu, an biya sauran 'yan wasa albashinsu da alawus ɗinsu har zuwa watan da ake ciki? Na uku, likitan da ba na dillali ba ya duba gwiwa da idon sawun wanda za a ɗauka, an kuma ƙidaya wasannin da ya buga a watanni goma sha biyun da suka wuce?

Daga nan sai a koma kan takardar kanta. Kaso mai tsoka na ladan ya rataya a kan yawan wasannin da aka buga, har da na waje. Idan an yarda ɗan wasan ya tafi da zarar ya samu ƙungiya a waje, to a sa farashi a kan wannan dama, ko dai wani adadin diyya, ko kuma a hana tafiyar sai kaka ta ƙare. Ƙungiyar ta riƙe zaɓin ƙara masa shekara guda a kan ladan da aka amince tun farko, domin idan ya yi kyau kada a zo ana gasar farashi da wasu a kan darajar da ita ta gina. A fayyace ikon amfani da sunansa da hotonsa a tallace-tallace, tun da wannan ne abin da kamfanin da ya ɗauki nauyi yake saye. Kafin ranar wasansa na farko kuma, a tabbata akwai tikiti mai lamba, da ƙofofin da ake ƙidaya masu shiga, da riguna na ainihi a shagunan da aka sani.

Ɗan kasuwar da ya sa kuɗinsa yana da haƙƙin ganin lissafi a ƙarshen kaka: nawa aka kashe, mutum nawa suka shiga fili kafin zuwan baƙon da bayan zuwansa, maki nawa aka samu a wasannin da ya buga da waɗanda bai buga ba. Idan shugabannin ƙungiya suka kasa yin alkawarin gabatar da waɗannan alkaluma, to abin da suke nema kyauta ce, sai mai bayarwa ya bayar da sanin haka. Wanda kuwa yake neman inda kuɗinsa zai haihu, ya fi masa alheri ya tambayi nawa ake buƙata domin riƙe ƙungiyar 'yan ƙasa da shekara 17, da yi wa kowane yaro a cikinta rajista da sunan El-Kanemi.